Wandon jins mai tsada ya yi mini yawa: in kai wa tela ko in haƙura?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga telolin cikinmu. Yayana da ke aiki a Japan ya zo hutu, ya kawo mini tsarabar wandon jins guda ɗaya. Da na ji abin da ya biya sai da jikina ya yi sanyi, don kuɗin ya haura dala 250. Yadin tauri gare shi kamar kwali, shuɗinsa ya yi duhu har ya kusa komawa baƙi. In ka naɗe bakin ƙafar za ka ga wani farin gefe mai jan zare a tsakiya, ya bi ɗinkin waje tun daga ƙasa har sama. Matsalar dai ya yi mini yawa. Daga hantsa zuwa baki inci 35 ne, ni kuwa 30 nake sawa. Ƙugun na auna 35, nawa 32. Ƙafar ma ta yi mini faɗi daga gwiwa zuwa ƙasa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, bara na kai wani jins ɗina wajen wani tela a unguwarmu ya rage mini tsawo. Ya yanke, ya kalmashe da baƙin zare siriri irin na ɗinkin yadi, duk inda ya zo kan kauri allura ta tsallake, ƙarshe ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kusan rabin inci. Wancan na gwanjo ne, na haƙura. Wannan kuwa in ya lalace ban san da idon da zan kalli Yaya ba. Ya tafi jiya, maganar a mayar a canja ba ta taso ba. Me kuke gani?

Mai Gwanjo:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa Yaya da alheri. Amma fisabilillahi, wando ɗaya dala 250? Da wannan kuɗin in ka shigo Ƙofar Wambai sai ka kasa ɗaukar abin da za ka saya. Ni shawarata ka sayar wa wanda ya yi wa daidai, ka zo ka zaɓi naka.

Ɗan Gwammaja:
Oga, kyautar ɗan'uwa ce. Ya ce sai da ya shiga jirgin ƙasa ya je garin da ake ɗinka su ya zaɓo mini da hannunsa. Ba zan iya sayarwa ba.

Baba Tela:
Yaro, kafin komai, kada ka bari almakashi ya taɓa wandon nan a wannan makon. Ka wanke shi tun da aka kawo?

Ɗan Gwammaja:
A'a Baba, ko takardun jikinsa ban cire ba.

Baba Tela:
To alhamdulillahi, ka tsira. Na haura shekara talatin a kan keke, kuma yawancin jins ɗin da na ga ya lalace, tun kafin a zo kan ɗinki aka lalata shi, wajen awo. Yadin da ka kwatanta ɗanye ne, bai taɓa ganin ruwa ba. Ranar da ya shiga ruwa zai tsuke, tsawo da faɗi duka. In ka yanke yau a kan 30, ranar wankin farko sai ka tarar da shi a ƙwauri, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Ka jiƙa shi tukuna, ya bushe, ka sake awo, sannan mu yi magana.

Ɗalibi a Osaka:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da na gani a nan. Ina kyautata zaton garin da yayanka ya je Kojima ne, a yankin Okayama, nan ne cibiyar jins ta Japan. A can kamfanin Big John ya fara ɗinka jins na cikin gida a 1965, yanzu har titi guda suke da shi na shagunan jins zalla. Da gangan suke barin ƙafar da tsawo, don shago ne ke yanke wa kowa daidai shi bayan ya saya. Kuma kafin su yanke sai sun duba ko wandon ya sha ruwa.

Ɗanyen yadi iri biyu ne. Akwai wanda tun a masaƙa aka bi da shi ta tururi da matsi ya gama tsukewa, dabarar da wani Ba'amurke mai suna Sanford Cluett ya yi wa rajista a 1930. Irin wannan in an wanke abin da zai ragu kaɗan ne, kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari. Akwai kuma wanda ba a yi masa haka ba, shi yakan ragu har kusan kashi goma cikin ɗari. Lissafa ka gani: kashi goma na inci 35 ai inci uku da rabi ne. Ka ɗauki hoton takardun ka turo mini in karanta maka.

Ɗan Gwammaja:
Na tura maka. Na gode ƙwarai.

Ɗalibi a Osaka:
Na gani. Na biyun ne, wanda bai tsuke ba, kuma auduga ce zalla babu roba a ciki. Nauyin yadin oza 14 da rabi, wato ya ɗan fi matsakaici nauyi. Yayanka ya san abin da yake yi da ya ɗauko mai ɗan girma. Ka juya shi ciki waje, ka nutsa shi a baho da ruwan zafi irin wanda hannu zai iya jurewa, ba sabulu ba omo, kamar minti 45. Ka ɗora masa wani abu mai nauyi don kada ya taso. Kada ka murɗe, ka rataye shi ta ƙugu a inuwa ya tsane da kansa.

Maman 'Yan Biyu:
A zuba gishiri a ruwan, yana kama launi. Haka nake yi wa atamfa.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya, a yi mini afuwa, a nan kam gishiri ba ya aiki. Gidanmu gidan rini ne, na tashi ina ganin kakana a bakin karofi. Shuni ba ya shiga cikin zare ya zama jiki ɗaya da shi, kwanciya yake yi a bayansa. Shi ya sa ake tsomawa a fitar, a tsoma a fitar. In ka ciro yadi daga ruwan baba kore-kore za ka gan shi, sai ya sha iska a gabanka yake juyewa shuɗi. Kowace tsomawa tana ƙara masa kauri ne a sama. Jins ma haka ake yi masa, zaren tsaye kawai ake rinawa, na kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi wajensa haske. Zaren tsayen ma in ka tsinka shi za ka ga zuciyarsa fara ce. To duk inda ya gogu sai farin ya leƙo. Gishiri ba zai hana wannan ba, kuma masu sayen irin wannan wando ai wannan koɗewar suke nema.

Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Marinar Ƙofar Mata ana cewa tun 1498 take. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, shuninsa yana bin fata, kuma ba su ɗauke shi aibi ba, ado ne a wajensu. Bambancin kawai, yawancin jins na yau da shunin kamfani ake rina shi, wanda Jamusawan BASF suka fara sayarwa a 1897, mu kuwa baba da toka muka gada. Gargaɗina ɗaya, ƙanena: watannin farko kada ka sa shi da farar riga ko farin takalmi, kuma ka kula da sallaya mai haske da kujerar mutane.

Maman 'Yan Biyu:
To na ƙaru, Allah ya ƙara sani. Amma kan yanke tsawo ina da magana, don wannan aikina ne, 'yan mata na kawo mini jins kullum. Ni ba na zubar da bakin asali. Nakan yanke shi da ɗan rara, in rage abin da zan rage a sama, sannan in mayar da shi in ɗinke dab da tsohon ɗinkin, in bi cikin da wibin, wato keken da ke rufe bakin yadi don kada ya zare, in danne da dutsen guga. In ba ka ɗaga ka leƙa ciki ba ba za ka san an taɓa ba. Ka ce wa telanka haka zai yi maka.

Baba Tela:
Hajiya, dabararki dabara ce, ni ma ina yi. Amma ba ta wannan wandon ba ce. Ana mayar da bakin asali ne in wandon ya zo a koɗe daga kamfani, bakin ya riga ya yi fari-fari ya yi gwanin kyau, in ka yanke ka yi sabo sai ya fito daban da sauran jiki. Na yaron nan ko'ina launi ɗaya ne, babu abin da za a adana. Kuma yadin nan mai nauyi ne, in kika haɗa shi sai wajen ya yi tudu kamar an sa igiya a ciki. Sannan irin wannan wando naɗe shi ake yi don farin gefen ya fito. Yana naɗewa haɗin zai bayyana.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, ban ƙi taku ba. Amma ni abin da na sani, sabon baki da keken gida ba ya taɓa yin kyan na kamfani. A kwance yake fitowa lafiyayye kamar na wandon makaranta.

Ɗalibi a Osaka:
Anti ta taɓo inda ake ta jayayya a kai har a nan. Ɗan Gwammaja, juya bakin wandon ka duba ɗinkin ta ciki. Za ka ga ba layi ɗaya ba ne, kamar sarƙa yake. Akwai wani tsohon keken Amurka, Union Special 43200G, shi masu wannan harka ke nema ido rufe. Yana naɗe bakin da kansa yana ɗinkawa, kuma yana ɗan jan yadin a karkace. Bayan wanki biyu uku sai bakin ya yi wani murɗe-murɗe kamar igiya, inda ya taso ya koɗe, inda ya lotsa ya zauna da duhu. An daɗe da daina ƙera keken, shi ya sa shagunan da ke da shi suke alfahari. Ni da nawa ne, zan nemi mai ɗinkin sarƙa ko da zan jira.

Ɗan Gwammaja:
Na duba, wallahi sarƙa ce. To keken masu aikin wuyan riga fa? Ai shi ma sarƙa yake fitarwa.

Baba Tela:
A'a. Wancan na ado ne, zare ɗaya gare shi, ka ja bakinsa ya warware har ƙarshe. Ba zai riƙe ninki uku na jins ba. Na bakin wando zare biyu ne.

Ɗalibi, ina jin daɗin bayaninka, amma bari in faɗa maka abin da hannu ya koya mini. Ɗinkin sarƙa ya fi kyan gani, ban musa ba. Amma bai fi namu ƙarfi ba. Namu zaren sama da na ƙasa kulle juna suke yi a kowane taku, in ɗaya ya tsinke sauran na nan. Sarƙa kuwa in ta gogu da ƙasa ta tsinke a wuri ɗaya, tana iya zarcewa. Yaron nan a Kano yake, mashin zai hau, ƙura zai taka. Kuma murɗewar da kake magana, ko da keken namu tana fitowa kaɗan in yadin bai gama tsukewa ba, in dai an yi kalmasa siririya kamar ta asali. Abin da ya ɓata wandonsa na bara rashin kayan aiki ne da gaggawa, ba rashin keken Amurka ba.

Ɗalibi a Osaka:
Baba, kun fi ni sani a kan ƙarfi, na sallama. Amma kyan ba ɗaya ba ne, in aka ajiye su gefe da gefe bayan shekara za a gane.

Baba Tela:
Za a gane, in an durƙusa. Na yarda da wannan.

Malamin Makaranta:
Ina bin muhawarar nan da sha'awa. In tuna mana, wandon nan tun asalinsa tela ne ya fito da shi. Jacob Davis tela ne a garin Reno na jihar Nevada, shi ya fara buga 'yan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage wa ma'aikata. Ba shi da kuɗin rajista, sai ya nemi Levi Strauss, ɗan kasuwar San Francisco da shi Davis yake sayen yadi a wajensa, suka samu takardar a ranar 20 ga Mayu 1873. To kai shi wajen tela ba wulaƙanta shi ba ne.

Amma akwai abin da ban ji an ambata ba. Ɗan Gwammaja, da wandon nan za ka yi salla. Tunda za a yanke, a yanke shi inda ba zai wuce idon sawu ba, ka huta da naɗewa a ƙofar masallaci, kuma malamai sun yi magana a kan jan tufa a ƙasa. Sannan kafin a tsuke komai, ka sa shi ka yi ruku'u, ka yi sujada, ka zauna zaman tahiya. Ina ganin samari a sahu, wando ya matse cinya sun kasa zama daidai, ko kuwa in sun sunkuya baya ya buɗe. Yadin da babu roba a cikinsa ba ya yafiya.

Ɗan Gwammaja:
Malam, wannan ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Na gode. Ni da niyyata a mayar mini da shi fensir sosai.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni wanga kuskure na taɓa yin shi. Wani jins nawa mai kyau na ce ma tela ya matse shi sosai, sai da ya kai in zan cire sai na zauna na ja da hannu biyu, dunduniya ba ta wucewa. Wajen alwala ko naɗe shi ba ni iyawa. Kuma ta ɗinkin waje ya rage, farin gefen nan da kuke magana duk ya yanke shi ya zubar. Sai daga baya na san abin da na rasa.

Baba Tela:
Allah sarki. Wannan shi ne babban abin da nake so yaron nan ya riƙe, don nan ne kuɗin wandon yake.

Farin gefen nan ba ado aka liƙa ba. Bakin yadin ne da kansa. Ku tuna saƙar gargajiya tamu, masaƙi na jefa ƙoshiya ta tafi ta dawo, zare ɗaya ne yake kai da komowa, shi ya sa gefen sawaye ba ya zarewa ko ba a kalmashe ba. To wannan yadin ma a kan tsohon injin mai ƙoshiya aka saƙa shi, a hankali, kuma ɗan siriri yake fitowa, faɗinsa wajen inci 30, kusan rabin na injin zamani. Sai a shimfiɗa ƙafar wandon a bakin yadin a yanka, gefen ya zama ɗinkin waje. In tela ya rage ta waje, ya zubar da shi kenan har abada.

Don haka ta ciki ake ragewa, ɗinkin da ya taso daga hantsa ya sauka tsakanin ƙafafu. A farke shi daga baki zuwa ɗan sama da gwiwa, a ja layi da alli ya tafi a hankali ba tare da kwana ba, a rage gaba da baya daidai wa daida. In aka ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, ƙafar sai ta juya, ɗinkin ya dawo kan ƙwauri. Kuma akwai iyaka. Tunda gefen waje a miƙe yake, in ka ci da yawa ta ciki wandon sai ya karkace. Ni ba na wuce inci ɗaya a shimfiɗe, wato biyu a zagaye. Mai son fensir sosai ya sayi mai roba. Kuma a fara tsuke ƙafa kafin a yanke tsawo, kalmasa ita ce ƙarshen aiki.

Mai Gwanjo:
Baba, ni fa yau na san darajar abin da ke wucewa ta hannuna. Wallahi ina samun masu jan zaren nan jefi-jefi in na fasa dila, kuɗi ɗaya nake sayar da su da sauran.

Ɗalibi a Osaka:
Oga, ka riƙa ware su. Tsofaffin Levi's masu wannan gefen, musamman waɗanda aka yi da yadin masaƙar White Oak ta Greensboro a Amurka, ana nemansu sosai. Masaƙar ta rufe a ƙarshen 2017. Amma ka lura, gefen kaɗai ba ya nuna inganci, yanzu akwai masu arha da ake yi da shi.

Ɗan Gwammaja:
Saura ƙugu, Baba. Inci uku ne tsakanina da shi.

Maman 'Yan Biyu:
Bari in amsa wannan, don rage ƙugu shi ne rabin aikina. Kada ka yarda a yi maka 'yan tsinke biyu a baya irin na siket, ko a kama gefe da gefe. Gefe akwai ƙusoshi da aljihu, ba a shiga nan. Ta tsakiyar baya ake bi. A cire madaukin bel na tsakiya, a farke ƙugun kamar tafin hannu ta kowane ɓangare, a rage ɗinkin da ya sauka tsakanin aljihunan baya, a yanke ƙugun a tsakiya a haɗe, sannan a mayar da madaukin ya rufe haɗin. In an yi da kyau ba a gani. Amma inci uku ya yi yawa. In ka wuce ɗaya da rabi zuwa biyu, aljihunan baya sai su matso juna su kusa haɗewa, kowa ya gan ka ta baya ya san an yi gyara.

Baba Tela:
Ba ni da abin ƙarawa, Hajiya ta gama magana. Illa dai kada ka yi gaggawar ƙugun. Zai tsuke a ruwa, amma in ka sa shi kwana goma zai sake buɗewa kamar inci ɗaya, don ƙugu da gwiwa suna saki, tsawo ne ba ya dawowa. Ka sa shi da bel mako biyu, ka naɗe ƙafar, sannan ka san gaskiyar awonsa. Abu biyu kuma ba su gyaruwa, kowa ya ce maka zai yi kada ka ba shi: cinya in ta matse, don babu rarar yadi a ciki da za a saki, da tsayin hantsa zuwa ƙugu.

Ɗan Gwammaja:
Cinyar daidai take, har da ɗan sarari. To yaya zan gane telan da zai iya? Kowa ka tambaya cewa zai yi ya iya.

Baba Tela:
Kada ka tambaye shi, ka duba shagonsa. Ka nemi mai babban keken lantarki irin su Juki, ko masu ɗinkin jaka da kakin ma'aikata, su suka saba da kauri. Butterfly ma tana yi in hannun ya ƙware, amma da wahala. Ka ce ya nuna maka allura, lamba 18 ake so, ba 14 ta shadda ba. Zaren ka je Kwari ko Sabon Gari da wandon a hannunka, ka sayi mai kauri ruwan zuma wanda ya dace da na jiki, mai kaurin a sama, matsakaici a ƙasa. Ka ga ko yana da guduma kusa da keke. Inda kalmasa ta hau kan ɗinkin ciki ninkin yakan yi yawa, sai an ɗora a kan katako an bubbuga ya kwanta, sannan a tokare bayan ƙafar keken da ɗan ƙyalle don ta daidaita, a juya da hannu taku ɗaya ɗaya a wuce wajen. Wanda bai san wannan ba shi ne allurarsa ke tsallake.

Ka fara kai masa wani tsohon jins ya gwada a kai. In ya ji haushin haka, ɗauki kayanka. Ranar awo ka je da takalmin da za ka riƙa sawa, ka tsaya a miƙe, shi ya durƙusa ya sa alama a ƙafa biyun, kada kai ka sunkuya kana nuna masa, sunkuyawa na ɗage wando. Ka bar rabin inci na rara saboda wankin gaba. Kuma kada ka kai aikin nan ana saura mako biyu salla. Ka biya shi fiye da kuɗin rage tsawo na yau da kullum, don aikin yini ne.

Ɗan Maraɗi:
Kuma ka amshi guntayen da anka yanke. Ranar da gwiwa ko hantsa ta huje, da su za a yi maka faci, launi guda.

Mai Gwanjo:
Wani yaro ya taɓa ce mini irin wannan wando ba a wanke shi sai ya yi wata shida. Gaskiya ne?

Ɗalibi a Osaka:
Ana faɗin haka, wai don koɗewar ta fito da kaifi a cinya da bayan gwiwa. Amma masu faɗa yawanci a ƙasashen sanyi suke. Shagunan nan da yawa ma cewa suke a wanke in ya yi datti.

Ɗan Ƙofar Mata:
Wata shida a zafin Kano? Gumi da ƙura su ke cinye zare, hantsar ce za ta fara hujewa. Ga maganar tsarki. A wanke shi a juye, da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, shi kaɗai, ba buroshi, a shanya a inuwa. Kuma kada a ba mai wanki da guga ya fitar masa da kari a gaba, layin zai koɗe ya zauna fari har ƙarshen wandon.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a assalamu alaikum, na dawo da labari bayan mako uku. Na jiƙa shi yadda aka ce. Ruwan ya yi shuɗi amma wandon bai canja launi ba. Da ya bushe tsawon ya dawo 32 da rabi, ƙugun 33. Da na bi son raina na yanke ranar farko, da yanzu yana tsakiyar ƙwauri. Na sa shi kwana goma sha huɗu da bel, ƙugun ya koma 34 kamar yadda Baba ya faɗa.

Na samu wani dattijo mai ɗinkin kakin 'yan makaranta da jakunkuna. Na kai masa tsohon jins ɗina na bara, ya farke aikin wancan telan ya daidaita ƙafafun, sannan na fito da wannan. Ya juya shi ya daɗe yana shafa gefen da babban yatsa, ya ce shi bai taɓa ɗinka irinsa ba, in zauna a yi a gabana. Ƙugu ya cire inci ɗaya da rabi ta tsakiyar baya. Ƙafa ya rage ta ciki, bakin ya tashi daga inci takwas da rabi zuwa bakwai da rabi a shimfiɗe, dunduniya na wucewa ba wahala. Kafin ya yanke tsawon sai da na yi ruku'u da zaman tahiya a kan tabarmar shagonsa, Malam. Mun tsaya a 30, daidai saman idon sawu in na sa takalmi. Allura ɗaya ta karye a kan ɗinkin baya, ya canja ya ci gaba. Ba sarƙa ba ce, Ɗalibi, amma zaren ya dace har sai ka ƙura ido. Guntayen suna cikin aljihun jakata. Na tura wa Yaya hoto, ya kira ni da kansa.

Baba Tela:
Madalla. Ka juya ƙafar ka ɗauko mini hoton ɗinkin ciki daga gwiwa zuwa ƙasa, ina so in ga yadda ya rufe bakin yadin.

Maman 'Yan Biyu:
Ni kuma na baya nake so in gani, wajen madaukin bel.

Mai Gwanjo:
Ɗalibi, na fasa dila jiya na samu guda biyu masu jan zare, ɗaya da rubutun Japan a takardar ciki. Na tura maka, duba mini.